Haƙorin Yaya a Bakina

Masu biyo ni ta akwatin saƙo kuna tambayar me ya sa na daina sa hotona, ga amsarku yau, don na gaji da cewa lafiya lau. Da takunkumi nake yawo, kuma ba mura nake ba. Haƙorina na gaba ne ya karye, na sama ta hagu. A makarantar ƙananan yaran da nake koyarwa abin ya faru. Na sunkuya zan ɗaure wa wata yarinya igiyar takalmi, lilon ƙarfe ya dawo ya same ni a baki. Ban ma ji zafi ba sai da na ga yara sun yi cirko-cirko, ɗaya tana nuna ƙasa da yatsa tana cewa, "Anti, ga haƙorinki nan."

Da wani lokaci ne daban sai in ce ƙaddara in wuce. To amma an sa ranar aurena. Gwaggo, yayar Baba, kullum sai ta bugo waya, gaisuwar ma a gurguje take yi. "Ba a taɓa fitar da amarya da giɓi daga gidanmu ba, kuma ba a kanki za a fara ba."

Wanda zan aura Safiyo ake ce masa a gidanmu, saboda aikinsa awon filaye ne. Ina jin Baba ma ya manta yana da wani suna. Sai dai ku sababbin zuwa, akwai abin da ya kamata ku sani: ba ni ya fara zuwa nema a gidan nan ba, yayata ce. Mu biyu Mama ta haifa. Ita Fara'a ake kiranta, don ko faɗa ake mata dariya take yi, ni kuma Ƙarama. Ana dab da sa musu rana zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Bayan rasuwarta Safiyo bai ɗauke ƙafa ba. Ya zo gaida Mama, ya gyara famfo, ya kai Baba ganin likitan ido. Shekaru suka tura, wata rana sai na lura in ya yi sallama ni yake fara nema da ido.

Babu wanda ya matsa min, kar wata ta zo min da wannan a sharhi. Ina sonsa, son da ni kaina yake ba ni tsoro. Amma tun ranar da na amsa masa akwai tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita: ni yake gani in ya kalle ni, ko ita?

Ranar da na dawo da auduga a baki, Mama ta kama haɓata ta juya ni wajen taga. Ta daɗe tana kallo.

"Na hagu," ta ce a hankali.

"Eh, Mama."

"Na hagu ne." Ta sake ni ta shige kicin, na ji ta kunna famfo ta bar shi yana zuba.

Sai a lokacin na tuna. Yaya Fara'a ma na hagun ne ya karye mata, tun tana sakandare, ta faɗo daga keken ɗan maƙwabta. Aka gyara mata shi, ya zama ma shi ne adon dariyarta.

Asibitin haƙorin yana saman wani kantin magani, matakalarsa a tsuke, ɗakin jira da kujerun roba masu haɗe da juna da wani tankin kifi da babu kifi a ciki. Safiyo ne ya kai mu a mota, ya zauna a waje. Ni da Mama muka shiga. Likitar mace ce, gajera, tabarau a rataye a wuya, magana kamar ana korarta.

"Jijiyar ta mutu, mun cire ta. Amma saiwar tana nan da ƙarfinta, ba sai an zare haƙorin ba. Za mu fere abin da ya saura mu sa masa hula."

"Hula kuma, Likita?"

"Haƙori ne na ƙira mai rami a ciki. Ana kifa shi a kan guntun naki, a manne. Zaɓi ne ya rage, kuma naki ne."

Ta jawo wani faranti ta jera min haƙora kamar mai tallar ɗankunne. Ta ɗaga na farko, yana ƙyalli.

"Wannan ƙarfe ne zalla, akwai na zinare ma. Ba ya fashewa, amma na haƙoran tauna ne, can ciki inda ba a gani. Sai dai in kina so angonki ya riƙa duba fuskarsa a bakinki."

Na yi dariya a bayan hannuna. Mama ba ta yi ba.

"Wannan kuma tangaran ne a waje, ƙarfe a ciki. Yana da ƙwari, an daɗe ana amfani da shi. Illarsa ɗaya, in an jima dasashi ya ɗan janye, sai wani siririn layi mai duhu ya fito a gindinsa. Ga na tangaran zalla, babu ƙarfe ko kaɗan, haske yana ratsa shi kamar haƙorin da aka haifi mutum da shi, amma ba ya son a tsinke zare ko a buɗe kwalba da shi. Na ƙarshe zirkoniya, ya fi su taurin kai, sai dai farinsa yakan fito a daskare in ba a dace da mai haɗawa ba." Ta sa tabarau ta leƙa bakina. "Da ƙanwata ce ke, tangaran zalla zan ce, tunda na gaba ne."

Na buɗe baki zan ce to, sai Mama ta riga ni.

"Mai ƙarfen nan a ciki za a sa mata."

"Mama, shi ne fa mai yin layin da na faɗa."

"Na ji. Na san shi. Mun taɓa amfani da shi."

Nan take na gane wa ake nufi da "mun". Layin nan mai duhu na san shi. In Yaya ta ƙyalƙyale har leɓenta ya ɗaga, ana ganinsa siriri a saman haƙorin, kamar an ja da fensir. Ita da kanta take nuna shi tana cewa tambarinta ne.

Na zaro waya a ƙarƙashin mayafi na rubuta wa Safiyo: *Likita ta ce tangaran zalla, Mama ta ce mai ƙarfe. Kai me ka gani?*

Nan take ya amsa: *Bakinki ne, Ƙarama. Amma kar ki ja da Mama a gaban mutane.*

Ku gaya min, wannan amsa ce ko zamewa?

Likita ta ce ba gaggawa. Za a fara sa min na wucin gadi, na roba, wanda aka yi da siffar na gasken, in yi kwanaki da shi in ga ko ya yi min. Ta cusa min wani abu kamar ƙullu a baki ta ɗauki awo. Ta ce akwai mai haɗa haƙoran a ƙasan ginin, in tura masa hotona na da, wanda nake murmushi haƙora a waje, don ya san yadda nawa yake kafin ya karye. Ta miƙo katinsa, Mama ta karɓa ta jefa a jaka, don ni hannuna yana riƙe da tsumman goge baki. A mota Safiyo ya karɓi katin ya kwafi lambar, wai ko za a buƙaci a kai wani abu.

Hoton ban tura ba. Na ɗan duba wayata sama-sama, duk wanda na buɗe bakina a rufe yake, na ce sai na samu sarari. Ga jarrabawar yara, ga tela, ga Gwaggo. Ban ankara ba aka kira ni daga asibitin cewa haƙori ya iso. Na ɗauka da awon kawai ya yi aiki.

Ni kaɗai na koma, daga makaranta, da doguwar rigata ruwan toka mai ɗigon fenti a hannu. Likita ta fere guntun, ta kifa na robar, ta ce in cije a hankali. Ta miƙo min madubi mai mariƙi.

"Yi murmushi mu gani."

Na yi.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Idanuna ne, hancina ne, har ɗan tabon da ke gefen girata yana nan. Amma bakin ba nawa ba ne. Haƙorin ya ɗan fi ɗan uwansa tsawo, kusurwarsa a zagaye, ya kauce kaɗan ya bar siririyar wushirya a tsakani. Ni ban taɓa yin wushirya ba. Yaya ce ke kallona daga cikin madubin, tana murmushin nan nata na wanda ya san wani abu bai faɗa ba. Na rufe baki, ta tafi. Na sake buɗewa, ta dawo.

"Ya yi kyau sosai," in ji Likita tana wanke hannu. "Ya bi hoton daidai."

"Wane hoto?"

"Wanda aka tura masa mana."

Na mayar da takunkumi na fita. Ban ma tuna ko na yi mata godiya ba.

Safiyo ya zo ɗaukata, yana jirana a bakin titi, da takalmansa na aiki duk laka, igiyar awo a kujerar baya. Na shiga na rufe ƙofa, ya ta da mota.

"To amarya, a nuna mana mana."

"Sai mun je gida."

"Haba, ni da na sha kallon giɓi ban gudu ba?"

Na sauke takunkumin na juyo na yi masa murmushi, da gangan, ina kallon ƙwayar idonsa. Motar ta yi wani layi. Ya gangara gefen hanya ya taka birki, wani mai babur ya wuce yana masifa. Fuskarsa ta canza kamar an zare mata jini. Leɓensa ya motsa, ya fara haɗa wani suna, na ga harafin farko a bakinsa kafin ya haɗiye shi.

"Faɗi mana," na ce. "Ƙarasa."

"Ƙarama, wa ya yi miki wannan?"

"Kai zan tambaya. Kai ka kwafi lambar."

"Wace lamba?"

"Ta mai haɗa haƙori. Wa ke da hotunanta in ba kai ba? Da ka gaya min tun farko cewa gyara ni za a yi in koma ita, da na san abin da na amsa."

Ya kife kansa a sitiyari. Da ya ɗago idonsa ya kaɗa.

"Wallahi ban tura komai ba. Rufe bakin nan, don Allah. Ba zan iya tuƙi ina ganinsa ba."

Wannan maganar ta fi min zagi ciwo, ban san dalili ba. Na buɗe ƙofa na fita. Yana kirana ban waiga ba, na koma da ƙafa har ginin.

Ɗakin mai haɗa haƙori yana bayan kantin maganin, ƙarami, duk farin gari a kan tebur, da haƙoran mutane jere a kan kanta kowanne da 'yar takarda a ɗaure. Dattijo ne mai furfura a gira, da gilashin ƙara gani a goshi. Na gaishe shi na gaya masa ko ni wacece.

"Au, ke ce mai wushirya. Ya zauna daidai, 'yata?"

"Baba, ina so in ga hoton da aka turo maka."

Ya goge yatsu a riga ya lalubo a waya ya miƙo min. Ga ta nan. Mayafi ruwan ƙwai, kai a karkace, tana dariya da dukkan fuskarta, layin nan mai duhu a saman haƙori. Na san hoton, a tsakar gidanmu aka ɗauka, ga igiyar shanya a bayanta.

"Na ga ma kamar a da akwai hula mai ƙarfe a wajen," in ji shi. "Na yi mamaki da Likita ta ce wannan ne karo na farko. Wadda ta turo ta ce irinsa sak ake so, har layin in zai yiwu. Na ce mata layi ba yin sa ake ba, lokaci ne ke kawo shi."

"Wadda ta turo?"

Na duba saman saƙon. Lambar Mama ce. Ita ce lambar da na fara haddacewa a duniya.

"Baba, wannan ba ni ba ce. Yayata ce. Ta rasu."

Ya sauke gilashin daga goshi ya daɗe yana kallona. "Allah ya jiƙanta. Ki yi haƙuri, 'yata, kamar ta yi yawa. Ki turo min naki zuwa gobe da safe, ki kuma gaya min irin hular da kika zaɓa, don in za a gasa tangaran sai an ba shi lokaci. Na robar nan ba ya daɗewa."

Na isa gida ana la'asar sakaliya, na shige ɗaki na zube a gado da takalmi. Na bi wayata hoto bayan hoto. Na sauko da tsofaffin hotunan gida daga saman sif, na baje su a ƙasa. Kun san abin da na gano? Babu hotona ko ɗaya da haƙorana suka fito. Ga ni a gefe, ga ni a baya, baki a tsuke kamar an ce in riƙe ruwa. Dariyar gidanmu ta Yaya ce, ni mai tsayawa kusa da ita ce. Na rufe ido na yi ƙoƙarin tuna yadda haƙorina yake, wanda na yi ta gogewa kullum safiya tun ina yarinya, na kasa. Na sa harshe in lalubo, na robar na taɓa.

Waya ta yi ƙara. Safiyo ne.

*Kin isa gida?*

*Na isa. Ba kai ba ne. Ka yi haƙuri.*

*Na sani. Mama ce ko?*

Can sai ga hoto ya shigo. Ranar da Yaya ta gama makaranta ne, shi ya ɗauka. Ya yanke shi ya bar ni ni kaɗai. Iska ta ɗauke hular bikin kammalawa daga kan Yaya, ni kuma na sheƙe da dariya ban san ana ɗauka ba. Ga haƙorina nan, gajere, ya ɗan hau kan na dama, babu wushirya babu komai. Ba shi da kyan nata, amma ina ganinsa na gane shi, har hawaye ya zubo min.

*Naki ya fi gajarta, kuma ya shiga filin maƙwabcinsa kaɗan,* ya rubuto. *Aikina ne lura da iyaka.*

Na yi dariya ina kuka. Sai na ƙara girman hoton, na ga abin da bai iya yankewa ba: hannun Yaya a kafaɗata, da ɗan agogonta mai jan madauri.

*Hoton yana wayarka har yanzu?*

Ya fara rubutu ya tsaya, ya sake farawa. *Yana nan. Ba zan yi miki ƙarya ba.*

Na buɗe lambar dattijon, na maƙala hotona, na rubuta: *Wannan ce ni. Tangaran zalla.* Yatsana yana kan alamar turawa aka turo ƙofa.

Mama ce, da wankakkun kaya a hannu. Ta kalli hotunan da ke baje a ƙasa, ta kalli takunkumin da ke fuskata a cikin ɗaki. Ta ajiye kayan ta zauna a bakin ɗayan gadon, wanda har yau ba a fitar da shi ba.

"Kin je wajen mutumin."

"Na je, Mama."

"Na nemi naki ban samu ba. Sai na ce ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne, Mama."

"Na sani." Ta shafa zanen gadon tana gyara inda bai yamutse ba. "Na sani tun ina turawa. Ba wai ban ƙaunace ki yadda kike ba ne, Ƙarama, kar ki taɓa sa wannan a ranki. Muryarta ce ta fara ɓace min. Da in na rufe ido ina jin dariyarta daga kicin. Yanzu sai in nema in nema, hoto kawai nake gani, shi kuma hoto ba ya motsi."

Ban taɓa jin Mama ta yi doguwar magana a kan Yaya ba tun ranar da aka fita da ita. Duk faɗan da na shiryo a hanya ya bi ruwa. Tausayinta ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, ban san wanne ya fi ba.

"Ki zaɓi wanda kike so," ta ce. "Bakinki ne, ba zan ƙara sa baki ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin su cire wannan, sauke ƙyallen nan ki yi min dariya sau ɗaya."

"Mama..."

"Sau ɗaya tak."

Na kife wayar a kan katifa. Na zare igiyar daga kunne ɗaya, na zare ɗayar. Hasken yamma yana shigowa ta taga daidai fuskata. Na karkatar da kai, ban ma san na karkatar ba, na yi mata dariya.

Fuskar Mama ta buɗe gaba ɗaya. Shekarun nan duka ban ga wannan fuskar ba, na ɗauka ita ma an binne ta. Ta miƙo hannu biyu ta tallabi kumatuna, tafinta da ɗumi da ƙanshin sabulu.

"Fara'a," ta ce.

Ni kuma, 'yan uwa, na ce, "Na'am, Mama."

Saƙon dattijon yana nan a wayata da hotona a maƙale. Har yanzu ban tura ba.